Man Kifi da Cututtuka Masu Daɗewa: Ina Gaskiya, Ina Talla?

Duk wanda ya leƙa farmasi a manyan garuruwanmu, ko ya ratsa layin masu sayar da magunguna a kasuwa, zai ga kwalabe cike da kafso masu ruwan zinariya, an rubuta musu omega-3 da manyan baƙaƙe. Masu tallarsu, har da waɗanda ke bi gida-gida da jaka a kafaɗa, suna cewa maganin hawan jini ne, da ciwon sukari, da ciwon gaɓɓai, da mantuwa, da raunin ido, har da ciwon daji. Magidanci mai jinyar mahaifiyarsa, ko uwargida mai kula da mijinta da ciwon zuciya ya kwantar, in suka ji haka sai hankalinsu ya karkata, su ware kuɗin da ya kamata ya tafi cefane ko maganin da likita ya rubuta, su saya. Mafi muni shi ne a sami wanda zai ajiye maganin hawan jininsa ya koma wa kafso, bisa zaton ya samu abin da ya fi shi.

Shekara sama da 50 ke nan masana suna bin diddigin man kifi, kuma an gwada shi a kan mutane fiye da dubu 100. Don haka maganarsa ta wuce ta ji-ta-ji-ta. Abin da bincike ya tsaya a kai shi ne: cin kifi yana da amfani ga kowa, amma shan kafson man kifi yana amfanar wasu ƙalilan ne kawai, a cikin yanayi sananne, kuma a ƙarƙashin kulawar likita. Bari mu bi maganar daki-daki, domin kowane gida ya san inda zai sa kuɗinsa.

Mene ne omega-3?

Maiƙon da muke ci iri-iri ne. Akwai wanda jiki ke iya haɗa wa kansa daga sauran abinci, akwai kuma wanda ba ya iyawa, dole sai an ci shi. Wasu masana biyu, mata da miji, George Burr da Mildred Burr, su ne suka gano haka a Amurka a shekarar 1929, da suka hana ɓeraye maiƙo gaba ɗaya suka ga fatarsu ta lalace, girmansu ya tsaya. Omega-3 na cikin wannan rukuni da jiki ke buƙata daga waje.

Shi kansa kashi uku ne. Na farko, ALA, ana samunsa a tsirrai, kamar waken suya da mansa. Sauran biyun, EPA da DHA, su ne ke cikin kifi, kuma su ne ake nufi in an ce man kifi. Jikin ɗan Adam yana iya juya ALA ya koma EPA da DHA, sai dai kaɗan ƙwarai yake juyawa, galibi abin da bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Man gyaɗa da manja, waɗanda su ne jigon girkinmu, kusan babu omega-3 a cikinsu. Shi ma kifin ba shi ne tushen waɗannan sinadarai ba. Ƙananan tsirran teku ne, dangin gansakuka, ke samar da su, ƙananan halittu su ci, ƙananan kifaye su ci waɗannan, manya su ci ƙanana, maiƙon ya yi ta taruwa.

A cikin jiki, EPA da DHA suna shiga bangon kowace ƙwayar halitta su sa shi laushi. DHA ya fi yawa a ƙwaƙwalwa da kuma bayan ido, inda haske ke sauka. EPA kuwa jiki yana sarrafa shi ya fitar da wasu sinadarai masu sassauta kumburi da rage saurin daskarewar jini. Su biyun suna sa hanta ta rage fitar da wani kitsen jini da likitoci ke kira tirigiliserid. Wannan aiki nasu tabbatacce ne, babu gardama a kansa. Inda gardama take shi ne ko wannan aikin yana kai ga hana ciwo da mutuwa.

Labarin ya faro ne daga ƙasar ƙanƙara

A shekarar 1970 wasu likitoci biyu ƴan ƙasar Danmak, Hans Olaf Bang da Jorn Dyerberg, suka tafi tsibirin Girinlan, can arewacin duniya, inda mutanen Inuwit ke rayuwa a kan kifi da naman manyan dabbobin teku masu kitse. An daɗe ana cewa ciwon zuciya bai cika kama waɗannan mutane ba, duk da yawan maiƙon da suke ci. Likitocin suka ɗibi jininsu suka auna, suka tarar kitsen jininsu ya yi ƙasa da na mutanen Danmak, kuma jinin cike yake da EPA da DHA. Suka buga sakamakon farko a 1971, daga baya suka kawo ra'ayin cewa maiƙon kifi ne ke kare zukatan Inuwit. Daga nan kasuwar man kifi ta buɗe.

Sai dai a 2014 wasu masana a Kanada, ƙarƙashin George Fodor, suka sake duba wannan aiki. Suka nuna cewa likitocin biyu abinci da jini suka auna, amma batun ƙarancin ciwon zuciya sun dogara ne da rahotannin hukuma, a wurin da mutane da yawa ke mutuwa a ƙauyuka masu nisa ba tare da likita ya duba su ba. Binciken da aka yi daga baya ya nuna Inuwit na fama da ciwon zuciya kamar sauran jama'a. Wannan bai rushe duk abin da aka sani game da omega-3 ba, amma ya nuna cewa ginshiƙin farko da aka ɗora tallar a kai ba shi da ƙwarin da aka ɗauka.

Shekarun kyakkyawan zato

Binciken da ya biyo bayan na Girinlan ya ƙara wa mutane ƙwarin gwiwa. A garin Zutfen na ƙasar Holan an bi rayuwar maza 852 har shekara 20, aka ba da rahoto a 1985 cewa masu cin kifi aƙalla giram 30 a rana, mutuwarsu ta ciwon zuciya ta yi ƙasa da rabin ta waɗanda ba sa ci. Irin wannan bincike yana da rauni guda: mai cin kifi a kai a kai sau da yawa ya bambanta da wanda ba ya ci ta wasu fuskoki, kamar wadata, da shan taba, da sauran abincin da yake ci. Shi ya sa masana suka fi amincewa da gwajin da ake raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wa gida ɗaya abin da ake gwadawa, a hana ɗayan, sannan a jira a ga bambanci.

Irin wannan gwaji na farko an yi shi ne a yankin Wels na Birtaniya, aka fitar da shi a 1989. Maza 2,033 ne da suka taɓa samun toshewar jijiyar zuciya. Waɗanda aka ba shawarar cin kifi mai maiƙo sau biyu a mako, mutuwa a cikinsu ta ragu da kashi 29 cikin 100 a shekara biyu. A 1999 wani babban gwaji a Italiya, mai suna GISSI, ya haɗa majinyata 11,324 da zuciyarsu ta toshe ba da jimawa ba. Waɗanda suka sha giram ɗaya na man kifi kullum har shekara uku da rabi, mutuwa ta ragu a cikinsu da kashi 14 zuwa 20 cikin 100, gwargwadon yadda aka yi lissafin. A 2007 kuma Japan ta fitar da nata gwajin, JELIS, a kan mutum 18,645 masu yawan kolestarol, inda EPA zalla ya rage matsalolin jijiyoyin zuciya da kashi 19 cikin 100. A waɗannan shekaru likitoci da yawa a Turai sun riƙa rubuta wa majinyatan zuciya man kifi, kuma suna da hujjar yin haka a lokacin.

Da aka tsananta gwaji

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Gwaje-gwajen Italiya da Japan an yi su ne a buɗe, majinyaci da likitansa duk sun san wanda ke shan man da wanda ba ya sha. Daga 2010 aka shiga yin gwaje-gwaje masu tsauri, inda ake ba wa rabin mutanen kafso mai kama da na gaske amma wani mai ne daban a ciki, kuma ba wanda ya san abin da yake sha sai an gama. Sakamakon ya sha bamban. A Holan a 2010, da wani gwaji na ƙasashe da yawa a 2012, da wani a Italiya a 2013, ba a ga bambanci ba.

A 2018 manyan gwaje-gwaje biyu suka fito. Na Birtaniya, ASCEND, ya bi masu ciwon sukari 15,480 har sama da shekara bakwai, kuma giram ɗaya a rana bai rage musu manyan cututtukan jijiyoyin jini ba. Na Amurka, VITAL, ya haɗa dattawa 25,871 da ba su taɓa ciwon zuciya ko ciwon daji ba. Bayan shekara biyar da ƴan watanni, man kifi bai rage jimillar toshewar zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da mutuwa ta ciwon zuciya ba, bai kuma rage ciwon daji ba. Ƙungiyar masana ta Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwaje ta auna su wuri ɗaya, ta haɗa gwaji 86 na mutane sama da dubu 160 a 2020, ta ce tasirin ƙarin omega-3 a kan mutuwa kaɗan ne ƙwarai ko babu. Tun kafin haka, a 2019, hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta janye amincewarta da ba wa wanda zuciyarsa ta taɓa toshewa giram ɗaya a rana don hana ciwon dawowa.

Me ya kawo wannan sauyi? Masana sun kawo dalilai biyu. Na ɗaya, majinyatan zuciya na yanzu suna shan magungunan da na shekarun 1980 da 1990 ba su samu sosai ba, kamar statin mai rage kolestarol, da magungunan hawan jini, ana kuma buɗe musu jijiyar da ta toshe. Bayan duk wannan, ɗan abin da kafso zai ƙara ba ya fitowa fili. Na biyu, yawancin waɗanda aka gwada a Turai da Amurka dama can suna cin kifi, kuma tulun da ya riga ya cika ba ya karɓar ƙari.

Wannan dalili na biyu ya shafe mu. A cikin gwajin VITAL, da aka ware masu ƙarancin cin kifi, wato waɗanda ba sa kai ci ɗaya da rabi a mako, an ga manyan matsalolin zuciya sun ragu a cikinsu da kusan kashi 19 cikin 100. Haka nan baƙaƙen fata, su sama da 5,000 a gwajin, toshewar zuciya ta ragu a cikinsu fiye da sauran. Masu binciken da kansu sun ja kunne cewa sakamakon da aka tsinto ta hanyar rarraba mutane bayan an gama gwaji alama ce kawai, sai an sake gwada ta. Duk da haka alamar ta yi daidai da hankali: wanda jikinsa ke da ƙarancin abu shi ya fi amfana da samunsa.

Inda man kifi ya zama magani

Akwai wuraren da amfaninsa ya tabbata, kuma a nan magani ne sosai, da awo da sharaɗi.

Na farko shi ne yawan tirigiliserid a jini, wanda gwajin jini ne kaɗai ke nuna shi. Giram 4 a rana yana saukar da shi da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. A 2018 gwajin REDUCE-IT ya ba wa mutum 8,179 masu wannan matsala, waɗanda ke da ciwon zuciya ko ciwon sukari kuma suna shan statin, ko dai giram 4 na EPA tacacce ko kafson kwatanci. Matsalolin zuciya sun ragu da kashi 25 cikin 100, kuma a kan haka Amurka ta amince da maganin a 2019, Tarayyar Turai a 2021. Sai dai wani gwajin makamancinsa, STRENGTH, na mutum 13,078, da ya yi amfani da haɗin EPA da DHA, an tsayar da shi a 2020 don babu alamar amfani. Har yau masana na muhawara a kan dalilin saɓanin. Abin lura shi ne maganin da ya yi nasara tacacce ne, da takardar likita ake sayensa, ya bambanta da kafson da ake tallatawa a kasuwa.

Na biyu shi ne masu ciwon ƙoda da ake yi wa wankin jini. A 2025 wani gwaji a Kanada da Ostareliya, a kan majinyata 1,228, ya nuna giram 4 a rana ya rage musu manyan matsalolin zuciya da jijiyoyin jini da kashi 43 cikin 100. Gwaji ɗaya ne, kuma na masu wankin ƙoda kaɗai, don haka shawara a nan ta likitan ƙoda ce.

Na uku shi ne amosanin gaɓɓai mai kumburi, wanda ke sandarar da yatsu da safe. Kusan giram 3 a rana, bayan wata uku ko fiye, yana ɗan rage zafi da sandarewa, har wasu su rage shan maganin kashe zafi. Bai hana gaɓɓan lalacewa, don haka ba ya maye gurbin maganin asali.

Akwai kuma cutar da ta addabi gidajenmu, wato amosanin jini ko sikila. A birnin Hartum na Sudan, Ahmed Daak da abokan aikinsa sun gwada omega-3 a kan majinyata 140 har tsawon shekara guda, suka ba da rahoto a 2013 cewa yawan tashin ciwon ya ragu a wajen waɗanda suka sha. Labari ne mai daɗin ji, amma gwajin ƙarami ne. Iyayen yaro mai amosanin jini su tambayi likitan da ke bin lafiyarsa, kada kuma su bar abin da aka riga aka ɗora shi a kai.

Ga mata masu ciki, wani nazarin Cochrane na 2018, da ya haɗa gwaji 70 na mata kusan dubu 20, ya nuna omega-3 na rage haihuwar bakwaini, musamman ta kafin mako 34. DHA yana taruwa a ƙwaƙwalwar jariri a watanni ukun ƙarshe na ciki, yana kuma bin nonon uwa gwargwadon abin da take ci. Wannan kaɗai ya isa dalilin sa wa mai ciki da mai shayarwa kifi a kwanonta, a daina hana ta saboda camfi.

Inda talla ta zarce gaskiya

Hawan jini: giram 2 zuwa 3 a rana yana saukar da shi, amma ɗan kaɗan. A awon da muka saba ji a asibitocinmu, irin 14 bisa 9, saukar ba ta kai rabin maki ɗaya ba ga yawancin mutane. Wanda awonsa ya kai 17 ko 18, in ya dogara da kafso ya bar maganinsa, ya buɗe wa shanyewar ɓarin jiki ƙofa. Ciwon sukari: man kifi ba ya hana shi, ba ya kuma saukar da sukarin jini. Ido: gwajin AREDS2 na 2013 a Amurka bai ga ya hana lalacewar tsakiyar gani ta tsufa ba, wani gwajin na 2018 kuma bai ga ya fi man zaitun wajen magance bushewar ido ba. Mantuwar tsufa da ciwon daji: gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna kafso yana hana su ba.

Illolin da mai talla ba ya faɗa

Ana cewa man kifi ai abinci ne, ba ya cutarwa. In an sha kaɗan, illarsa ba ta wuce gyatsa mai ƙarni, da tashin zuciya, da sakin ciki ba. In awon ya yi yawa kuwa, akwai abin tsoro. Wani nazari na 2021 da ya haɗa manyan gwaje-gwaje bakwai ya nuna man kifi na ƙara haɗarin wata rikicewar bugun zuciya, inda take kaɗawa ba tsari, kuma haɗarin ya ƙaru da kusan rabi ga masu shan fiye da giram ɗaya a rana. A 2023 hukumar magunguna ta Turai ta sa aka rubuta wannan gargaɗi a takardar magungunan. Wanda ke shan maganin tsinka jini, ko za a yi masa tiyata, lalle ya gaya wa likita in yana shan man kifi.

A bambanta man kifi da man hantar kifi, wanda iyaye da kakanni suka sani ana ɗura wa yara da cokali. Na hanta yana ɗauke da bitamin A da D masu yawa, kuma bitamin A in ya wuce kima yana iya illata ɗan tayi. Mai ciki kada ta sha shi sai da izinin likita ko unguwarzomar asibiti.

Sai batun abin da ke cikin kwalbar. Kafson da aka rubuta wa miligiram 1,000 a gaba, in aka juya baya sau da yawa za a tarar EPA 180 ne, DHA 120, jimilla 300. Kafin a kai giram 4 da aka yi gwaji da shi sai an haɗiye guda 14 kullum. Ban da haka, wannan mai ba ya jure zafi da haske. Kwalbar da ta wuni a kan faranti a ranar bazara, man da ke ciki ya daɗe da lalacewa. A huda kafso ɗaya a shinshina. In ya yi ƙarni mai ɗaci a zubar. Irin waɗannan kaya kuma ba a tantance su da tsananin da ake tantance magani, alhali ko a cikin magungunan kansu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci.

Akwai kuma abin da ya shafi Musulmi kai tsaye. Kifi halal ne, amma ɓawon kafso yawanci da jelatin ake yin sa, shi kuwa jelatin daga fata da ƙashin saniya, ko alade, ko kifi ake fitar da shi. Wanda likita ya rubuta wa man kifi ya karanta takardar, ko ya tambayi mai farmasi asalin jelatin ɗin. Akwai masu ɓawon kifi ko na tsirrai, akwai kuma man ruwa da ake sha da cokali. In babu wani zaɓi alhali ciwo ya matsa, sai a nemi fatawar malamai.

A koma ga kifin kansa

Hukumomin lafiya a Faransa da Amurka sun daɗe a kan shawara ɗaya: a ci kifi sau biyu a mako. Na Faransa sun ƙara da cewa ɗaya daga ciki ya zama mai maiƙo. Hukumar kula da abinci ta Turai ta sa miligiram 250 na EPA da DHA a rana a matsayin abin da ya ishi baligi mai lafiya. Kifi ya fi kafso domin yana zuwa da furotin, da bitamin D da B12, da sinadarin aidin in na teku ne, kuma ranar da aka ci shi an rage jan nama da kitsensa.

Kifaye ba ɗaya suke ba. Na teku masu maiƙo, irin su sardin da makaro, su ne kan gaba: giram 100 na sardin ɗin gwangwani yana ɗauke da kusan giram ɗaya na EPA da DHA, wato gwangwani biyu a mako sun kai baligi ga abin da ake so. Kifin ƙanƙara mai duhun baya da ake kawowa daga bakin teku shi ma yana cikin wannan sahu. Kifayen ruwanmu, na kogin Kwara, da Binuwai, da tafkin Cadi, da Madarumfa, irin su karfasa, da tarwaɗa, da giwan ruwa, omega-3 ɗinsu bai kai na teku ba, na kiwo kuma ya danganta da abin da aka ciyar da su. Duk da haka abinci ne nagari, kuma ya fi babu nesa. Ƙananan kifaye da ake ci da ƙayarsu suna ƙara wa yara da mata sinadarin gina ƙashi.

Yadda aka dafa shi ma abin dubawa ne. Farfesu, da miya, da gashi, da turarawa sun fi suya a cikin man da aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi. Mai hawan jini ya jiƙa busasshen kifi ya zubar da ruwan don rage gishiri, ya kuma rage dunƙulen ɗanɗano a miyar. Banda a zaɓi wadda ba ta ƙone ba, a wanke ta da ruwan zafi, a guji duk wadda ke warin maganin ƙwari, domin akwai masu fesa mata shi don kada ta yi tsutsa. Kifin ƙanƙara kuwa, a ƙasashen da wuta ke yawan ɗaukewa, a duba idonsa ya zama garau, namansa da tauri. Mata masu ciki da ƙananan yara su fi karkata ga ƙananan kifaye, domin zaiba, wadda ke illata ƙwaƙwalwa, a jikin manyan kifayen teku masu cin ƴan uwansu ta fi taruwa.

Kifin talaka da ake mayarwa mai

Ƙididdigar hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta nuna matsakaicin abin da mutum ɗaya ke ci na kifi a duniya ya kai kilo 20 a shekara, na Afirka kuwa kusan rabin haka ne, kuma ƙasar da ba ta da teku irin Nijar tana can ƙasa da wannan. A daidai wannan lokaci, a gaɓar Muritaniya, da Senegal, da Gambiya, an kakkafa masana'antu masu niƙa ƙananan kifaye su fitar da gari da mai, a kai Turai da Asiya, mafi yawa don ciyar da kifin kiwo da dabbobi, wani ɓangaren kuma ya shiga kafso. Wani rahoto na 2021, na ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets, ya ƙiyasta abin da ake niƙawa da sama da tan dubu 500 a shekara, wanda suka ce zai iya ciyar da mutum miliyan 33. Kifin da ake niƙawar shi ne wanda mutanen Senegal ke kira yaboy, abincin talakan bakin teku, wanda ake busarwa a yi bandarsa a shigo da shi cikin ƙasa. Ke nan ana iya kwashe kifi mai arha daga Afirka ta Yamma, a dawo mana da mansa a kwalba da tsada.

Abin da kowane gida zai riƙe

Mai lafiya, babba ko yaro, ya nemi kifi sau biyu a mako gwargwadon hali, kuɗin kafso ya tafi kasuwar kifi. Wanda ba ya cin kifi sam, da mai ciki, da mai amosanin gaɓɓai ko na jini, da wanda gwaji ya nuna kitsen jininsa ya hau, su tambayi likita ko ya dace su sha, da kuma awon da za su sha. Mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da wanda zuciyarsa ta taɓa toshewa, kada ɗayansu ya ajiye maganinsa ko na kwana ɗaya saboda maganar mai talla, ko da mai tallar ɗan uwa ne ko maƙwabci. Abubuwan da suka fi kare zuciya sanannu ne, kuma yawancinsu ba sa cin kuɗi: rage gishiri, barin taba, tafiya da ƙafa kullum, yawaita ganye da wake, da zuwa awon jini a kai a kai ko da ba a jin komai.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya mai amfani, amin.